Yadda Aka Kai Jummai Yaye Jiratawa

Jummai, wannan babin naki ne, ko da yake ban hana ƙannenki karantawa ba. Ranar da kika zo hutun lakwal, wato makaranta, kuna wanki a tsakar gida ke da ƙanwarki Hassana, ina bayan zana ina tsintar shinkafa, na ji kin ce mata, "Ke ai 'yar gida ce, ni tun ban iya magana ba aka ba da ni." Da dariya kika faɗa, ita ma ta yi dariya. Ni kuwa na ci gaba da tsinta har na fara fitar da shinkafa mai kyau ina zubarwa. Ba zan iya zaunar da ke in yi miki bayani baki da baki ba, ke ce 'yar fari, kuma haka aka rene ni. Ko wannan sunan da nake rubutawa ba naki ba ne na yanka, wanda kakarki Iya ta laƙaba miki ne don an haife ki ranar Juma'a, shi ya sa hannuna ya iya ɗaukarsa.

Gidan da aka haife ki ba wannan ba ne da kika sani. Yana can ƙarshen Maraɗi, inda gidaje ke ƙarewa, kuma daga katangarmu kana hango wani ƙaton rami da aka daɗe da haƙe jar ƙasarsa aka yi hanya da ita. Da aka gama da shi sai meri, hukumar gari, ta mai da shi juji. Kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, da amalanken jakai suna wuni suna juye shara a ciki: leda, toka, tsummoki, ruɓaɓɓen kayan kasuwa, tsofaffin tayoyi, har da mushen dabba. Babanki a can yake aiki. Shi ke tuƙa wata tsohuwar katafila da ke tura shara daga baki zuwa tsakiya, ma'aikata suna ce mata Tsohuwa. Kafin ta tashi da safe sai ta yi ta tari tana fitar da baƙin hayaƙi, har cikin ɗaki muna jin ta. Mu huɗu ne a gidan: ni, Babanki, mahaifiyarsa Iya wadda ta baro Tsibiri ta dawo wurinmu bayan rasuwar kakanki, sai ke. Da yake Tsohuwa turawa kawai take iyawa, in shara ta yi tudu sai a cinna mata wuta don a sami wuri. In iska ta juyo ta gabas, hayaƙin nan a tsakar gidanmu yake sauka. Wanki yana ɗaukar warinsa, fura ma in ba a rufe ba tana ɗauka.

Tun kina 'yar watanni ƙirjinki ya nuna ba ya son hayaƙin. Iya takan mai da abin wasa don ta kwantar mini da hankali.

"Unguwar nan masu tari biyu ne," in ji ta tana nuna ki, "ƙawata da Tsohuwar Isuhu. In wannan ta fara sai waccan ta amsa."

Ina murmushi, don ba ni da abin da ya wuce murmushin. Ku yaran yanzu kuna ɗaukar ɗanku na fari a gaban kowa kuna yi masa rawa. Mu ba haka muka taso ba. Ba na kiran sunanki, "yarinyar nan" nake cewa. Ba na ɗaukarki a gaban Iya sai in shayarwa ta kama, shi ma sai na juya baya. In kin faɗi, ƙafata takan motsa da kanta, sai in danne ta in bar Iya ta ruga. Babanki ma haka, in kin rarrafo kin kama ƙafar wandonsa sai ya dubi sama kamar yana neman hadari. Amma kunnena bai taɓa barin kanki ba. Na san tarinki iri-iri. Akwai busasshe na safe wanda ruwan ɗumi ke kwantarwa. Akwai kuma wanda ke zuwa da wani siririn fito daga cikin ƙirji, shi ne wanda in na ji shi nake ƙona tuwo.

Akwai wata aduwa a gangaren ramin, ita ce ma'aunina. Duk lokacin da na je shanya sai in yi ɗage in leƙa ta saman katanga. Da aka kawo ni gidan, shara ba ta kai gindinta ba. Da na haife ki ta rufe gindin. Da kika fara tafiya ta kai reshen farko. Matan unguwa suna cewa da zarar ramin ya cika za a rufe shi, a buɗe wani can wajen hanyar Tsibiri. Saboda haka ni, Allah Ya gani, duk kamyon da ya wuce ƙofarmu cike da shara murna nake yi da shi. Mutane na toshe hanci, ni ina cewa a raina, ku ƙaro, ku ƙaro.

Wata la'asar Babanki ya shigo da ƙunshin tsire, abin da ba ya yi sai ranar albashi. Ya tsuguna gaban Iya, ni ina bakin murhu.

"Iya, an gama magana a meri. Ba za a tashi jujin ba."

"To ina za su zuba? Ramin ya cika, ko makaho ya sani da hanci."

"Bai cika ba, Iya, iska ce a cikinsa. Kin ga in kina ɗura harawa a buhu, sai ki ga ya cika har baki. In kin sa ƙafa kin taka, sai ya koma rabi. To haka sharar nan take. Tsohuwa ba ta da nauyin da za ta danne ta. Sun ce maimakon a nemi sabon fili, a sayo babbar katafila mai nauyi, ƙafafunta na ƙarfe ne da haƙora. Ita takawa take yi, ba turawa ba."

"Wa zai hau wannan dodo?"

"Ɗanki, Iya. Har koyo za a tura ni."

Iya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na fito na yi masa barka kamar yadda ya kamata, na karɓi nawa tsiren, na koma bakin murhu na ajiye shi a kan murfin tukunya. Ban ci ba. Kyanwar maƙwabta ce ta ci arzikin.

Ba a yi mako ba sai ga Baffa Mamman, ƙanen kakanki, ya zo daga Tsibiri da zabi biyu a ɗaure. A bakinsa na ji abin da ban sani ba: ashe filin da aka so a mai da sabon juji ya haɗa da gonarsa da ta maƙwabtansa, sun yi ta zarya zuwa Maraɗi suna roƙo. Tsoho ne mai raha, amma ranar da ya kama hannun Babanki babu raha a bakinsa.

"Isuhu, gonar ga kakanka ya sare ta da hannunai. Ka taka muna sharar ga da kyau, yaro. Ka taka ta har ta koma ƙasa, kada ta taho muna."

Ni na fige zabin, ni na dafa su. Ina figa ina tunani: abin da nake roƙon Allah a kansa kullum, ashe gonar wannan tsohon nake roƙo a binne. Amma ina ɗaga kai na gan ki zaune a ƙasa kina buga gwangwani, kafaɗunki suna ɗagawa da kowane numfashi.

Washegari da safe, ina miƙa wa Babanki koko, Iya ta zagaya bayi, na samu na yi magana.

"Maigida, katafilar nan, shekara nawa za ta ƙara wa ramin?"

"Sun ce da yawa. Wataƙila har yaran unguwar nan su girma."

"Ni kuwa kullum addu'ata ya cika."

Ya ajiye ludayin. Bai dube ki ba, bangon da ke bayanki ya duba, amma na san ke yake kallo.

"In an taka da kyau aka rufe da jar ƙasa, ba za a riƙa ƙonawa ba. Hayaƙin zai ragu, Barira."

"Yaushe?"

"Ban sani ba." Ya sake ɗaukar ludayin. "In na ce ba na hawa, ba fasa sayowa za su yi ba. Wani za su ba, wanda ba ruwansa da inda iska ke kaɗawa."

Gaskiya ya faɗa. Tashi kuwa ba mu da inda za mu tashi mu koma, gidan nan shi ne duk abin da ya mallaka, kuma ba mai sayen gida a bakin juji.

A bayan wata doguwar mota aka kawo sabuwar katafilar, farkon bazara. Unguwa duk ta fita kallo, har masu baburan kabu-kabu suka bar neman fasinja suka bi ta a baya suna ham. Rawaya ce, tsayinta ya fi katangarmu, ƙafafunta kamar manyan ganguna da aka dasa wa turame. Da Babanki ya hau ya tashe ta, ruwan randarmu ya yi ta rawa, kwanonin Iya da ke jere a ɗaki suka riƙa kaɗa juna. Iya ta ce ko ba komai yanzu ta san lokacin da ɗanta ke aiki da lokacin da yake zaune yana shan shayi. Ni ma, kada in ɓoye miki, da na hango shi can sama cikin gilashi, ƙanƙane a kan wannan ƙaton abu, yana juya shi kamar keke, sai da na ji wani daɗi ya ratsa ni. Bayan 'yan kwanaki na leƙa ta katanga. Reshen aduwar nan ya fito sarari. Da aka ƙara kwanaki sai ga jikinta, baƙi ƙirin, da leda a nannaɗe. Tudun da na yi shekaru ina taya shi girma, mijina ya mai da shi ƙasa.

Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne wutar da ke kwance a ƙarƙashi. Ashe duk ƙone-ƙonen da aka yi a baya ba su mutu ba, suna can ciki suna ci a hankali. Da haƙoran katafilar suka farfasa tsohon tudun, iska ta shiga, sai hayaƙi ya riƙa fitowa ta ko'ina, fari mai kauri, mai ɗaci a maƙogwaro. Ga zafin bazara. Babanki yakan dawo idanunsa jajur, ya ce suna neman kamyon jar ƙasa su rufe, amma ba ya isa. Na jiƙa tsofaffin zannuwa na rataya a ƙofa da taga. Na daina fitar da ke tsakar gida. Duk da haka wata rana da azahar fiton nan ya zo, kuma bai tafi ba. Kika daina kuka ma, don ba ki da numfashin yin sa. Fatar da ke tsakanin haƙarƙarinki tana shiga tana fita. Na tsaya a kanki, na kasa kiran sunanki, na kasa yin ihu, sai na ji bakina yana cewa, "Iya, zo ki ga yarinyar nan."

Iya ta zo, ta duba sau ɗaya, ta saɓa ki a baya. Ita ta hau kabu-kabu na gaba da ke, ni na hau na baya riƙe da takalmanta da ta manta. A asibiti majo, babban ma'aikacin jinya, ya karɓe ki, ya yi miki allura, ya kafa miki wani abu a hanci mai fitar da tururi. Muna zaune har numfashinki ya sauka. Sannan ya dube mu.

"Wace ce uwar?"

"Ni ce," in ji Iya.

"Hajiya, wadda ke ba da nono nake tambaya."

"To ga ta nan, amma da ni za ka yi magana."

Ya yi dariya, ya tambayi inda muke zaune. Da ya ji, dariyar ta tsaya. Ya ce zai ba da siro, maganin tari na ruwa, amma siro ba ya hana hayaƙi shiga. Ya ce akwai yaran da ƙirjinsu ke jurewa, wannan ba ta cikinsu, in muna da dangi a wajen gari mu yi tunani.

Muka dawo gida ba wadda ta tayar da maganar. Ni kuwa ita nake kwana da ita nake tashi. Mahaifiyata, Innarki da kika sani, tana Jiratawa, inda babu abin da ke tashi sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. In na ɗauke ki na tafi can na zauna, gari zai ce na yi yaji, a shekarar da mijina ya samu ɗaukaka, kuma zaman har yaushe, tunda ramin ba yau zai cika ba? Hanya ɗaya ce yaro ke barin gidan ubansa ba a yi surutu ba, ita ce yaye. To amma lokacinki bai yi ba, da sauran watanni. Kuma yayenki na Iya ne, kowa ya sani. Ta daɗe tana shiri. Ta sayi wata 'yar ƙwarya da ƙaramin ludayi ta adana a ƙarƙashin gadonta, ta riga ta gaya wa malamin da zai yi miki rubutun sha, takan ce miki, "Ki gama da nonon nan ki dawo ɗakina mu ci daɗi, ƙawata." In ce mata a kai ki wurin uwata, kamar na ce ban yarda da riƙonta ba ne. In kuma ce saboda ƙirjinki ne, na nuna damuwa da 'yar fari a gaban uwar miji, abin da ban taɓa ganin mace mai kunya ta yi ba.

Muna zaune wata hantsi muna tsige zogale, na fara lalube.

"Iya, kwanan nan shayarwar nan tana gajiyar da ni."

Ta ci gaba da tsiga.

"An ce bana lambun Jiratawa ya yi kyau. Wai har madara ta yi araha a can."

Ta ajiye reshen da ke hannunta.

"Barira, tun ɗazu kina zagaye kamar akuya a turke. Ke kina kunyata, ni kuwa na tsuhwa, ba ni kunyar kowa. Ina wurin da majo ya yi magana, kunnena bai mutu ba. Bar mini sauran."

Da Babanki ya dawo, tun bai cire takalmi ba ta tare shi, ta ɗaga murya yadda har gidan maƙwabta za a ji.

"Isuhu! Na gaji da ƙawar nan tawa. Ta hana ni sakat, bayana ya ƙare wajen goyo. Ni ba ni iya kukan yaye, kada ma a sa rai. A kai ma Innar Barira can Jiratawa, ita da ke da sauran ƙarhi, ta ɗanɗana abin da nike sha."

Babanki ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Yadda kika ce, Iya." Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar ƙwaryar da ludayin ta aje a gabana, ta ce in sa cikin kayanki. Sannan ta koma ta tayar da sallar la'asar. Ban taɓa ganin ta daɗe a sallah kamar ranar ba.

Duk da haka ba mu tsira daga baki ba. Mata suka ce kwanika na yi, wai wani cikin ne ya sa na yaye ki da wuri na jefar wa uwata. Wataƙila har yau akwai mai gaya miki haka. Ki dubi tazarar da ke tsakaninki da Hassana, ita kaɗai ta isa amsa.

Ni da Iya muka kai ki. Muna sauka Jiratawa na ji kamar an cire mini wani abu daga hanci: ruwa na gudu a magudanan lambu, albasa da tattasai kore shar, zogale jere kamar an ja layi. Inna ta tarbe mu tana cewa, "Kun kawo mini aiki, ku kuna can birni kuna hutawa." Ita da Iya suka yi ta tsokanar juna a kan wadda ta fi iya reno. Na zagaya da ke bayan ɗaki na ba ki nono na ƙarshe, na bar ki kika sha har kika saki da kanki. Inna ta ɗauke ki ta tafi nuna miki 'yan awaki. Iya ta kama hannuna ta ce, "Taho, kada ki waiwaya." Ban waiwaya ba, amma har muka kai bakin hanya ina jin kukanki, kuma abin da nake saurare a cikinsa shi ne ko da fito. Kwanakin da suka biyo nono ya cika ya yi tauri kamar dutse. Iya ce ke dafa ruwa ta gasa mini, ta ɗaure ni da zane tamau. In ɗan maƙwabta ya yi kuka sai in ga rigata ta jiƙe. Gidan ya yi shiru, sai rawar kwanoni in katafila na aiki. Wani lokaci in ji Iya ta ce "ƙawata" ta kama bakinta.

Babanki bai taɓa cewa yana kewarki ba. Abin da ya yi shi ne ya roƙi shugabansu a fara rufe gefen da ke kusa da gidaje. Yakan fita tun kafin sauran ma'aikata, ya tsaya ya ga inda iska ta nufa kafin ya tayar da katafila. Yana takawa, ana zuba jar ƙasa, yana sake takawa. Damina ta zo ta taimaka. Kafin a fara yankan gero, gefenmu ya zama fili ja mai tauri har yara na buga ƙwallo a kai. Wata safiya yana ɗaura takalmi ya ce, kamar da bango yake magana, "An daɗe ba a ga hayaƙi ba. Lahadi ba ni da aiki." Na gane ɗauko ki yake nufi. Amma na tambaye shi abin da ke raina.

"In bazara ta dawo fa?"

"Ragewa muka yi, Barira, ba kashewa ba. Masu neman wayar ƙarfe a cikin taya suna cinna wuta, kamyo yana zuwa da toka mai rai. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba."

Ranar Lahadi muka hau moto, babur ɗin Babanki. Iya ta share ɗakinta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta rako mu har ƙofa tana cewa mu gaggauta.

Da muka shiga gidan Inna ban gane ki ba da farko. Wata 'yar ɓulɓul na gani, ƙafa duk taɓo, tana bin ɗan akuya da gudu tana ihu. Gudu, Jummai. Ban taɓa ganin kin yi taku biyar da sauri ba ki tsaya kina haki ba. Kika gan mu kika tsaya, kika ruga bayan Inna kika riƙe zanenta.

"Tun da ta zo sau guda ta yi tari," in ji Inna, "shi ma gyaɗa ta ƙware ta, don haɗama irin ta dangin ubanta."

Babanki ya yi dariya yana kallon ƙasa. Aka kawo fura, aka gaisa. Ni ina neman hanyar da zan taɓa ki a gaban uwata da mijina. Sai na ce gashin yarinyar nan ya cukurkuɗe, a miƙo ta in kama mata. Inna ta zaunar da ke tsakanin gwiwoyina. Kina ta zillo kina kiran "Inna, Inna," da Inna ta ce, "Zauna Barira ta yi miki kitso," sai kika ɗago kika ce, "Bayiya." Duk aka yi dariya, har da ni. Na yi layi biyu, sannan na sunkuya kamar zan gyara wuyan rigarki, na ɗora kunnena a bayanki. Na daɗe a haka fiye da yadda gyaran riga ke ɗauka. Iska na shiga, iska na fita. Babu komai a ciki.

Inna ta fito da ƙullin kayanki ta aje.

"Ga su nan na ɗaure. In za ku tahi da ita ku tahi tun da rana."

Na dubi ƙullin. Na tuna tabarmar Iya. Na tuna azahar ɗin nan da kika kasa kuka.

"Inna, kwance ƙullin."

Inna ta dube ni.

"Kin san mi kike hwaɗi, ɗiyar nan? In ta ƙara damina a nan, tawa ce. Ba ni ƙara ɗaure kayan ga."

"Na sani, Inna."

Ta dubi Babanki, don maganar tasa ce kafin ta zama tawa. Ya daɗe yana juya makullin moto a hannunsa, sannan ya ce, "Abin da ta ce, Inna." Ban san gaibu ba a ranar, amma bazarar da ta biyo wuta ta tashi a ramin, ta bayanta ma haka, kuma duk lokacin da hayaƙi ya sauka a tsakar gida nakan tsaya a cikinsa in ce alhamdu lillahi, ba ta nan. Kafin mu samu ikon barin unguwar kin riga kin shiga lakwal a Jiratawa, kin zama 'yar Inna, ɗauko ki ya zama wani yayen na biyu.

Na ƙarasa miki kitson duka kafin mu tashi, ƙanana na yi, don su daɗe. Muka kama hanya, muka wuce lambuna muka shiga gonakin gero. Can Babanki ya ɗan juyo da kai.

"Ta yi ƙiba."

"Ban duba ba," na ce.

Ya ci gaba da tuƙi kaɗan, sai ya sauka gefen hanya ya kashe moto, a wurin da babu gida babu mutum. Ya ce yana jin tayar baya ta yi sanyi. Na sauka na juya wa hanya baya, na ja mayafina na rufe fuska. Shi kuma ya tsuguna a wancan gefen yana latsa tayar da babu abin da ya same ta. Ina jin yana jan hanci. Bai ce in yi shiru ba, ban tambaye shi tayar ba. Sai da muka gama, kowa ya share fuskarsa, sannan ya tayar da moto.

"Hau," ya ce. "Iya na can tana jira. Ni zan gaya mata."